Wasan da Ba Ya Saurin Karɓar Gari

A dandalin Pauwa ko Faskari, idan kacici-kacici ya gagare mu, sai mu ba da gari a faɗa mana amsa. The Case of the Golden Idol, wasan binciken kisan kai da wasu 'yan'uwa biyu daga ƙasar Latbiya suka fitar a 2022, ba ya saurin karɓar gari. Zai ajiye maka gawa da mutane tsaye cak. Kai za ka laluba aljihu, ka karanta wasiƙu, ka tsinto kalmomi ka cike gurabe, har ka gano mai laifi. Mace-mace 12 ne kacal.

Waɗanda suka buga shi a Steam sun yaba ƙwarai. Masu ƙorafi kuwa gajartarsa da munin zanensa suke kuka da su. Mu ba nan muka ga aibinsa ba. Idan kurakuranka ba su wuce biyu ba, wasan kan sanar da kai, sai malalaci ya bar tunani ya koma canki-canka. Lokacin da wasan ya fito kuma, wanda Turancinsa bai nuna ba sai dai ya zama ɗan kallo.

Duk da haka ya cika sharaɗin kacici-kacici nagari: idan amsa ta fito, kanka za ka zarga, ba mai tambaya ba.