Jinjina ga Manoman Bakolori

Duk manomin Mandera da Boɗinga da Shagari ya san gonar gado ba abin wasa ba ce. Shi ya sa manoman Bakolori suka cancanci a riƙa ambatonsu da girmamawa a ƙasar Sakkwato.

An kammala madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, kusa da Talatar Mafara, a 1978, kamfanin Impresit na Italiya ne ya gina ta. Ruwa ya cinye ƙauyuka, an baje gonaki don aikin noman rani, diyya kuwa ta zo wa wasu a makare, wasu ko ƙwandala ba su gani ba.  Manoman suka bi ta hannun hukuma har suka gaji, sannan suka haɗa kai suka tare hanyoyin aikin, suka hana motocin kamfani wucewa. Wannan haɗin kan ne ya fi burge ni: talakawa ne zalla suka tsara abinsu, ƙauye da ƙauye.

A ƙarshen Afrilun 1980, zamanin mulkin Shehu Shagari, aka tura musu 'yan sandan kwantar da tarzoma. An kashe mutane da dama, an ƙona gidaje. Dakta Yusufu Bala Usman na cikin waɗanda suka rubuta abin da ya faru. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.