Kiɗa Ba Baiti: Nazarin Kiɗan Dare na Chopin

Mai nazarin waƙar baka ya saba ya rubuce baitoci, ya fitar da jigo da salo, ya bar kiɗan a faifai kamar ba shi da abin cewa. To, ina dabara in aka kawo masa kiɗan da ba baiti ko ɗaya? Irin wannan shi ne Nocturne, watau Kiɗan Dare, na biyu a kundi na 9 na Frederic Chopin, mutumin Folan da ya rasu a Faris a 1849. An buga shi a 1832. Fiyano ɗaya ne da makaɗi ɗaya, ba mawaƙi, ba 'yan amshi.

Mutumin ƙasar Gwandu in ya ji algaita ranar hawan salla, take yake saurare. Busar tana bin hawa da saukar muryar Hausa, kalmomi suna kwance a ƙarƙashinta, kowa ya san wanda ake yi wa kirari. Saboda haka abin da zai fara tambaya shi ne, me wannan fiyano yake cewa? Ba ya kiran sunan kowa. Danginsa na kusa ita ce sarewar makiyayi a fadamun Kalgo da almuru, wadda mai ita yake busa wa kansa.

Ginin kiɗan gajere ne, gaɓa 34, kowace da bugu 12. Hannun hagu yana riƙe da awo uku-uku, ɗaya a ƙasa, biyu a sama, ba ya fasawa. Hannun dama kuwa rerawa yake yi, yana kwaikwayon muryar mawaƙan Italiya da Chopin yake sha'awa. Babban karin yana zuwa har sau huɗu, kamar gindin waƙa. Amma a nan bambancin yake: amshin makaɗan fada yakan dawo da kamanninsa don jama'a su kama, shi kuwa wannan duk dawowa sai ya ƙaro ado, kamar mai maimaita wa kansa tsohon zance yana tuno abin da ya manta. Daf da ƙarshe sautin yakan tashi da ƙarfi, awon ya tsaya cik, 'yan sautuka huɗu su yi ta kewayawa a sama, sa'an nan kome ya lafa.

Rauninsa yana cikin daɗinsa. Makaɗin da ya bar hannun hagu ya bi son ran na dama, sai kiɗan ya narke ya zama shagwaɓa. Kewar da ke cikinsa ba ta fitowa sai an tsare awon.

Ashe ke nan kiɗa yana da jigo ko da baki bai furta ba, ana kuma gano shi ta wajen yadda kari yake tafiya yana dawowa. Mai nazarin da ya iya bin wannan a fiyano ba shi da hanzarin ƙyale sarewa da gurmi da ke ƙofar gidansa.