Shago da Mayaƙan Dandali na Rum: Tsokaci a kan Waƙar Ɗan Anace

Sau da yawa manazarta kan kwatanta 'yan damben Hausa da mayaƙan dandali na tsohuwar daular Rum. Manufarmu a nan ita ce mu auna wannan kwatanci da waƙar Shago ta Ɗan Anace, wadda aka sani daga Sakkwato har Kafanchan.

Tarihi ya nuna an fara wasan mayaƙan a birnin Rum a shekarar 264 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), wajen jana'izar wani babban mutum. Yawancinsu bayi ne, ko fursunonin yaƙi, ko waɗanda aka yanke wa hukunci. Jama'a na yi musu shewa a dandali, amma doka ta ɗauke su ƙasƙantattu. Wannan ƙunci ne ya sa Sifatakus ya jagoranci tawaye daga Kapuwa a shekarar 73 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.).

Ɗan dambe kuwa ɗa ne. Sana'a ce da aka fi sanin mahauta da ita, shi ke naɗa kara da son ransa, kuma “kisa” a dambe kai abokin karawa ƙasa ne kawai. Ta wannan fuska kwatancin bai tsayu ba.

Sai dai idan muka dubi jigon waƙar, za mu tarar da kusanci. Ɗan Anace ya gina ta bisa zuga da kambamawa, ya siffanta Shago tamkar ajali, har ya kai zancen dambe lahira. Salo ne mai motsa jini, amma yana da farashi. Muna ganin hannun Shago, ba ma ganin ciwon da yake kwana da shi, ko abin da ke jiransa ranar da ƙarfi ya ƙare. Rumawa ma haka suka so mayaƙinsu. Abin da ya rage na rayuwarsa ta gida sai a duwatsun kaburbura, inda matansu da abokansu suka sa aka rubuta sunayensu, da shekarunsu, da yawan karawar da suka yi.

Ba mu ga laifin makaɗi ba, domin zuga ce aikinsa. Giɓin na marubuta ne. Muna kira ga ɗalibanmu masu ƙagaggun labarai da su nemi tsofaffin 'yan dambe na garuruwansu, su saurare su, su rubuta mana rayuwarsu bayan an ajiye kalangu.