Gidan Tarihi a Tafin Hannu: Sharhi a kan Manhajar Google Arts & Culture

A watan Fabrairu na shekarar 2011 kamfanin Google ya ƙaddamar da wani shiri mai suna Art Project, tare da gidajen adana kayan fasaha 17 daga ƙasashe tara. Wannan shiri ne ya bunƙasa ya zama manhajar wayar salula da ake kira Google Arts & Culture. Da'awar manhajar ita ce kawo fasahar duniya ga wanda ba shi da kuɗin jirgi ko biza. Abin da wannan sharhi zai auna shi ne irin kallon da take koya wa mai amfani da ita, da irin fasahar da wannan kallo ya dace da ita.

Inda manhajar ta fi ƙarfi shi ne kusantarwa. An ɗauki hotunan wasu zane-zane da na'ura mai tattara ɗigo fiye da biliyan guda, ta yadda mai kallo zai ja hoton da yatsu biyu har ya ga sawun buroshi. Wanda ya buɗe zanen daren taurari da Van Gogh ya yi a 1889 zai ga yadda aka ɗora fenti da kauri, launi a gefen launi ba tare da gaurayawa ba. Mai ziyara a birnin New York, inda zanen yake, ba ya samun wannan kusanci, domin mai gadi na tsaye. Haka nan a ƙarshen 2018 manhajar ta tara zane-zanen Vermeer guda 36 a zaure ɗaya na cikin waya, har da wanda aka sace a Boston a 1990, wanda ba a gano shi ba har yau. Babu gidan tarihin da zai iya wannan taro.

Sai dai fuskar waya tana shafe girma. Zanen Rembrandt na 1642 da ke Amsterdam faɗinsa ya haura mita huɗu, yayin da zanen Vermeer na mace mai saƙa bai kai santimita 25 ba, amma a tafin hannu tsayinsu ɗaya. Ɗalibin da ya san su ta waya kaɗai ya san ƙirarsu, bai san kwarjinin da na farkon yake yi wa wanda ya tsaya a gabansa ba.

Matsalar ta fi fitowa fili a watan Janairu na 2018, lokacin da sashen Art Selfie ya karaɗe Amurka. Mutum zai ɗauki hoton fuskarsa, manhajar ta nemo masa zanen da ya yi kama da shi. Baƙar fata da 'yan Asiya da dama sun koka cewa fuskoki ƙalilan ake ta maimaita musu, wasu lokutan ma na bayi da barori. Ɗora laifin a kan na'urar kaɗai gajeren tunani ne. Abin da ke cikin rumbun ta ɗebo, rumbun kuwa gidajen tarihin Turai da Amurka ne suka cika shi bisa zaɓin da suka yi tun ƙarnoni da suka wuce. Sashen Art Transfer na 2020, mai mayar da hoton mutum ya yi kama da aikin wani gwani, bai cancanci dogon bayani ba: ya ɗauki salon da mai zane ya kwashe rayuwarsa yana nema, ya mai da shi shafe.

Dole a yaba aikin Mali Magic na 2022. A ƙarƙashinsa an sanya shafuka fiye da 40,000 na rubuce-rubucen Timbuktu, daga cikin waɗanda Abdel Kader Haidara da abokan aikinsa suka kwashe a ɓoye zuwa Bamako bayan 'yan bindiga sun mamaye garin a 2012. Ɗan Hausa da ya tashi a Landan ko Jidda zai gane dangantakar wannan hannun rubutu da zayyanar allon kakansa. Amma abin lura shi ne, takarda ma shimfiɗaɗɗiya ce kamar zanen bango, shi ya sa ta zauna daram a manhajar.

Yawancin fasahar Hausa ba haka take ba. Ɗinkin aska takwas a babbar riga ba ya cika sai an sa rigar, an naɗe hannayenta a kafaɗa, mai ita ya motsa. Adon bangon gidajen unguwar Birni a Damagaram inuwa ce ke fito da shi, kuma kamanninsa da hantsi daban ne da na la'asar. Idan aka shimfiɗa riga aka ɗauki hotonta, mai kallo zai iya ƙirga zare ɗaya bayan ɗaya, wanda hakan na da amfani ga mai nazarin ɗinki, amma bayanin da ke ƙasan hoton irin wannan kaya a gidajen tarihin Turai sau da yawa yana ɗauke da sunan wanda ya kai rigar can, ba sunan maɗinkin ba.