Jinjina ga gwanar tsallen sanda

A Zangon Wagadugu, in aka ce tsalle, Hugues Fabrice Zango ake tunawa, wanda ya ciyo wa Burkina Faso lambarta ta farko a gasar Olamfik a Tokiyo. Ni kuwa yau Yelena Isinbayeva 'yar Rasha nake wa jinjina.

Ta kwaso gudu riƙe da doguwar sanda, ta kafa ta, sandar ta lanƙwashe, ta cilla ta sama ƙafafu gaba. Ita ce macen da ta fara haye mita 5, a Landan, 2005. Zinare biyu ta ci a Olamfik, Atens 2004 da Beijin 2008. Ta yi ritaya a 2016, amma mita 5.06 da ta haye a Zurik a 2009 har yau ba macen da ta kamo.