Ciniki da Ƙauna a Labarin Bayajidda

Masu ba da labarin Bayajidda, tun daga birnin Daura har ƙauyukan Mashi, sun fi daɗewa a bakin rijiyar Kusugu, gama can ne a ke sara da zub da jini. Amma wanda ya bi labarin a tsanake, ko a bakin tsofaffi ko yadda Palmer ya buga shi cikin 1928, zai tarar ƙashin bayansa ciniki ne.

Cinikin fari tsakanin gari ne da macijin nan Sarki: a sha ƙishirwa kwana shida, a ɗebi ruwa ran Jumma'a. Irin alkawarin da a kan ƙulla da iskoki ke nan, a biya maka bukata, a bar ka da takunkumi. Baƙo ya warware shi da wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera masa, nan take kuwa aka ƙulla wani. Daurama ta sa rabin gari lada, shi ya ce aure ya ke so. Masu labari su kan kira wannan ƙauna. To, amma ai mai neman sarauniya ba rabin gari ya ke nema ba, duka ne.

Inda labarin ya gaza shi ne wajen 'yar Sarkin Barno, wadda ta bar ubanta ta bi miji, ya bar ta da ciki a Garun Gabas. Ga mace tsakanin uba da miji, amma an wuce ta da kalma biyu. A waƙar Tam Lin ta mutanen Sukotlan, yarinya ce ta ƙwato masoyinta daga hannun sarauniyar aljanu, kuma ita a ke bi har ƙarshe. A nan ba wanda ya tambayi matar abin da ke ranta.

Duk da haka matan sun yi magana, ta bakin sunayen 'ya'yansu. Bagwariya, kuyangar da Daurama ta bai wa mijinta, ta kira ɗanta Karɓagari. Daurama ta haihu ta ce Bawo, watau a mayar mata da garinta. Kishi da gādo da tsoro duk an dunƙule su cikin suna biyu, uban kuwa bai ce uffan ba. Daga baya Biram, ɗan da aka bari a hanya, ya shiga Hausa Bakwai tare da 'ya'yan Bawo shida, zuriyar Karɓagari da aka haifa cikin gida aka lissafa ta Banza Bakwai.