Sharhi a kan Wasu Sababbin Wasannin Bidiyo da Suka Cancanci a Buga Su

1.0 Gabatarwa

Wasan bidiyo, ko gem kamar yadda matasa suke kiransa, wasa ne da ake yi ta hanyar haɗa wani ɗan akwati da talabijin, sa'an nan mai wasa ya riƙe abin sarrafawa a hannu yana danna maɓallai, abin da ke cikin hoton kuma yana bin umarninsa. Kamfanoni uku ne suka fi shahara wajen ƙera waɗannan akwatuna, watau Sony mai PlayStation, da Microsoft mai Xbox, da Nintendo mai Switch. A garuruwan ƙasar Hausa abin da aka fi sani shi ne gidajen gem, inda samari kan biya kuɗi su kara da juna a wasan ƙwallon ƙafa. Saboda haka ne malamai da iyaye da dama suka yi wa abin kuɗin goro, suka ɗauke shi duka a matsayin shashanci.

Lalle akwai shashanci a ciki, amma akwai kuma ayyuka masu jigo da zubi da taurari, waɗanda ɗalibai kan kwashe sa'o'i masu yawa a kansu ba tare da wani malami ya taɓa auna su ba. Irin wannan ɗari-ɗari ce ta sami littattafan soyayya na Kano da finafinan Hausa kafin manazarta su waiwaye su. Manufar wannan maƙala ita ce ta ɗauki wasanni biyar da suka fito a shekarun 2023 da 2024, ta auna su, ta nuna wanda ya cancanci a kashe masa kuɗi da lokaci, da kuma dalilin haka.

2.0 Ma'aunin da Aka Yi Amfani da Shi

Mai sauraron tatsuniya kunne kawai yake bayarwa, mai kallon wasan kwaikwayo kuwa ido da kunne. Mai buga dara yana da hannu a cikin abin da ke gudana, amma dara ba ta da labari. Wasan bidiyo ya haɗa biyun, domin kuwa mai kallo shi ne tauraro, kuma labari ba ya motsawa sai ya motsa shi. Ke nan kyan hoto da daɗin kiɗa ba su isa ma'auni ba. Tambayar da ta kamata a yi ita ce, shin abin da hannun mai wasa yake aikatawa shi ne abin da labarin yake faɗa? Idan jigo yana gabas aikin hannu yana yamma, to an sami fim ne da aka yayyanka aka cusa wasa a tsakani. Idan kuwa aikin hannu shi ne yake warware jigo, to an sami abin da littafi da fim ba za su iya bayarwa ba. Da wannan ma'auni aka jera wasannin da ke tafe.

3.0 Wasannin

3.1 Chants of Sennaar (2023)

Wani ƙaramin kamfani ne mai suna Rundisc a ƙasar Faransa ya shirya wannan wasa, kuma ana samunsa a kan dukkan akwatunan nan uku. Sunan ba shi da dangantaka da garin Sennar na Sudan. An ɗauko shi ne daga sunan ƙasar da labarin Hasumiyar Babila ya ce an yi ginin a cikinta. Mai wasa baƙo ne da ya farka a gindin wata doguwar hasumiya, wadda al'ummu biyar suke zaune a cikinta hawa-hawa, kowace da harshenta da rubutunta, kuma ba mai jin maganar wani. Ba a ba shi ƙamus ba, ba a ba shi tafinta ba. Abin da yake da shi ɗan littafin rubutu ne kawai.

Aikin farko da zai yi shi ne ya lura da alamun da aka rubuta kusa da wata ƙofa, ya gane wadda take nufin buɗewa da wadda take nufin rufewa. Daga nan sai ya riƙa kallon yadda mutane suke gaisawa, da abin da suke nunawa da hannu, da abin da aka rubuta a jikin gumaka da shaguna, yana rubuta ma'anar da yake zato. Lokaci-lokaci wasan kan kawo masa shafi mai zane-zane don ya daidaita kowace alama da zanenta. In ya dace duka a tabbatar masa, in ya kuskure ko ɗaya ne ya koma ya sake lura.

Manazarcin harshe zai ga abubuwan da ya saba da su. Al'ummar farko tana yin jam'i ta hanyar ninka kalma, dabarar da ba baƙuwa ba ce ga mai jin Hausa, wata al'ummar kuwa tana da alama ta musamman don jam'i. Akwai kuma wadda take fara jimla da karɓau kafin aikau da aikatau, abin da kan rikita wanda ya saba da tsarin hawan da ya baro. Abin da ya fi wannan armashi shi ne yadda wasan ya nuna cewa suna ma hukunci ne, gama mutanen da suke kiran kansu masu ibada, mayaƙan da ke samansu ƙazamai suke kiransu. A ƙarshe mai wasa shi ne zai zama tafinta, ya fassara saƙon wata al'umma ga wata har su sake fahimtar juna.

A nan jigo da aikin hannu abu guda ne. Wasan bai yi wa'azi a kan amfanin fahimtar juna ba, sai dai ya sa mai wasa ya sha wahalar neman fahimtar da kansa. Rauninsa biyu ne. Na farko, harsunan ƙanana ne ƙwarai, kusan kowace alama ma'ana guda take da ita, babu karin magana babu habaici. Na biyu, an cusa wasu wurare na laɓe-laɓe da guje wa masu gadi waɗanda ba su ƙara wa jigon komai ba. Duk da haka, malamin da ke koyar da ginin jimla ko fassara zai ƙaru da shi, ɗalibansa kuma za su ɗanɗana abin da mai binciken harshe yake fuskanta ranar da ya sauka a garin da ba ya jin ko kalma guda.

3.2 Tales of Kenzera: ZAU (2024)

Abubakar Salim, ɗan wasan kwaikwayo na Ingila wanda asalin iyayensa daga Kenya ne, shi ya jagoranci shirya wannan wasa a kamfaninsa Surgent Studios, kuma ya bayyana cewa rasuwar mahaifinsa ce ta haifar da shi. Zubinsa labari ne a cikin labari. Wani yaro mai suna Zuberi, wanda bai daɗe da rasa mahaifinsa ba, yana karanta littafin da mahaifin ya bari. A cikin littafin ne ake samun Zau, matashin boka, wanda ya ƙulla yarjejeniya da Kalunga, mai riƙe da mutuwa a almarar wasan, a kan zai kawo masa manyan ruhohi uku da suka ƙi miƙa wuya, shi kuma a dawo masa da mahaifinsa.

Makaman Zau fuskoki biyu ne da ya gada daga uban, ta rana don faɗan kusa da ta wata don harbi daga nesa. Watau duk abin da mai wasa ya yi, da gadon mamacin yake yin sa. Haka nan kowane ruhi da ya kama, wani ne da ya kasa haƙura da rabuwa, saboda haka yaron yana tilasta wa wasu su karɓi abin da shi kansa ya ƙi karɓa. Daɗin daɗawa, ana iya sauraron wasan da harshen Swahili, abin da ba kasafai ake samu ba a wannan fage. Aibinsa shi ne faɗan yakan maimaita kansa, kuma an tattaro almarun al'ummun Bantu dabam-daban an zuba a tukunya guda kamar duk na gida ɗaya ne. Mai nazarin adabin baka zai so a bambance su. Amma gajere ne, jigonsa kuma bai kuɓuce masa ba.

3.3 Black Myth: Wukong (2024)

Kamfanin Game Science na ƙasar Sin ya gina wannan wasa a kan Tafiya Zuwa Yamma, littafin nan mai babi 100 na ƙarni na 16 da ake dangantawa da Wu Cheng'en. Shahararren tauraron littafin biri ne, Sun Wukong, mai wayo da rikiɗa da tsaurin ido, wanda mai karatu Bahaushe zai ga ɗan kamanninsa da Gizo, sai dai shi jarumi ne. Wasan ya fito a watan Agusta na 2024, an kuma sayar da kwafi miliyan 10 cikin kwana uku. Ba a sake ba da labarin littafin ba. An ɗora ne daga bayansa, inda wani biri yake bin sawun Wukong cikin babi shida.

Dabarun faɗan daga littafin aka ciro su, kamar sanda mai tsawaita, da rikiɗa, da tsige gashi a hura ya zama birai masu taya faɗa. An ɗauki siffar gidajen ibada da gumaka na ainihi, da yawansu daga lardin Shanxi, an saka a ciki. A babi na biyu ma akwai wani mawaƙi marar kai da ke ba da labari da salon waƙar baka ta arewacin lardin Shaanxi. Darasin da ke nan a fili yake, watau tsohon adabi na iya shiga sabuwar riga ba tare da ya nemi afuwar baƙo ba. Amma wannan ƙarfin shi ne kuma rauninsa, gama wanda bai san littafin ba zai yi ta faɗa da dodanni bai san ko su wane ne ba. Wasan yana da wuya, kuma ba na yara ba ne.

3.4 The Legend of Zelda: Tears of the Kingdom (2023)

Wannan aikin Nintendo ne, ya fito a watan Mayu na 2023 a kan Switch. Labarinsa na ceton gimbiya da masarauta tsohon zance ne, kuma da yake ana tsintar guntayensa a warwatse, mai wasa na iya sanin ƙarshe kafin farko. Darajarsa tana wani wuri. An ba tauraro ikon manna kowane abu da wani, katako da ƙafar mota da fanka, ya ƙera jirgi ko gada ko keke gwargwadon basirarsa. Matsala guda tana da hanyoyin warwarewa da yawa, kuma wasan yana karɓar duk wadda ta yi aiki. Duk wanda ya taɓa ganin yara suna ƙera motar kara ya san irin wannan nishaɗi. Shi ne ya fi dacewa da gida mai yara masu tasowa.

3.5 Assassin's Creed Mirage (2023)

An kawo wannan ne don ya nuna ɗaya ɓangaren ma'aunin. Kamfanin Ubisoft ya sake gina Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa, wajen shekara ta 861, da kasuwanninta da Baitul Hikma, ana jin kiran salla, ana kuma iya sauraron wasan duka da Larabci. Akwai bayanai na tarihi da aka tanada a gefe don mai son karantawa. Sai dai abin da hannu yake yi shi ne laɓewa da yankan aljihu da kisa, a cikin wani ƙagaggen labari na ƙungiyoyin asiri. Birnin ilmi ya zama labule kawai. Ya cancanci babba ya zaga shi don ganin gari, amma kada a ɗauke shi a matsayin darasin tarihi, kada kuma a miƙa shi ga yaro.

4.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa girman kamfani da yawan kuɗin da aka kashe ba su ne suke sa wasa ya yi daraja ba. Mafi ƙanƙanta a cikin biyar ɗin nan, Chants of Sennaar, shi ne ya fi cika ma'auni, kuma da shi ya kamata malami ko ɗalibin harshe ya fara. Mai sha'awar adabin baka ya bi da ZAU, mai son ganin yadda ake juya tsohon littafi ya nemi Wukong bayan ya karanta ko da taƙaitaccen labarinsa. Iyaye kuma su riƙa duba lambar shekaru da ke jikin kwali, wadda a tsarin Turai take kasancewa 3 ko 7 ko 12 ko 16 ko 18.

Saura abu guda da ya shafi manazarta. Kalmomin jigo da zubi da salo da tauraro sun yi aiki a wannan sharhi, amma babu ɗaya daga cikinsu da ta ɗauki ma'anar abin da hannun mai wasa yake yi, alhali kuwa a kansa hukuncin ya rataya. Samar da wannan kalma, da sauran 'yan'uwanta, aiki ne da ke jiran sassan Hausa na jami'o'i, kuma gara a fara shi tun ɗalibai ba su gama sabawa da tattauna abin da Ingilishi kaɗai ba.